Yadda Ake Zaɓar Jakunkunan Kaya Don Doguwar Tafiya A Kan Keken Tsere

Keken tsere ba don dako aka ƙera shi ba. Raleigh da Phoenix da muka saba gani ɗauke da buhun masara a hanyar kasuwar Giwa suna da kariya mai ƙarfi, wato ƙarfen ɗaukar kaya na baya, a ɗora kaya a ɗaure da roba a kama hanya. Na tsere kuwa siririn firam gare shi, faɗin tayarsa yawanci milimita 25 zuwa 32 ne, nauyinsa duka bai wuce kilo 8 zuwa 11 ba, kuma da yawansu ba su da ko hujin da za a ɗaura kariya. Muddin zagayen Samaru zuwa Kwangila kake yi da safe a cikin Zariya, aljihun riga ya ishe ka. Ranar da ka ce Kaduna za ka, wajen kilomita 80, ko Kano, kusan kilomita 150, ka kwana ka dawo, ranar ce maganar jaka ke tasowa.

Da farko: tara kayan, kafin ka je neman jaka

Yawancin mutane jaka suke fara saya, sannan su nemi abin cika ta. Babbar jaka kuwa ba ta zama da sarari, sai ka cusa mata abin da ba za ka taɓa ba har ka dawo. Shimfiɗa tabarma, ka zube duk abin da kake son tafiya da shi, ka raba shi kashi uku.

Kashi na ɗaya kayan gyara: tiyub biyu daidai da tayarka, kayan faci da gam, robobin cire taya, ƙaramin famfo, saitin alanki, mahaɗin kaca guda ɗaya da ya dace da yawan giyarka, da ɗan man kaca. Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa. Kekunan tsere yawanci siririn bawul gare su, irin na Presta, alhali injin mai faci na bakin titi an yi shi ne don bawul ɗin mota da babur. In ba ka da ɗan adaftan da ake murɗawa a kai, ga iska ga mai faci amma ba abin da zai iya yi maka. Tiyub mai lamba 700, wato girman tayar keken tsere, shi ma ba a kowace tasha ake samunsa ba, don haka daga gida za ka fito da naka.

Kashi na biyu abin da hannu ke nema ana cikin tafiya: waya, fawa bank, tsabar kuɗi saboda ba ko'ina ne sabis ke barin a yi tiransifa ba, katin shaida saboda shingen jami'an tsaro, dabino ko gyaɗa, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS.

Kashi na uku kayan sauka: riga da wando marasa nauyi, silifa, buroshi, ɗan sabulu, caja. A nan mu muna da wani lissafi da Turawan da ke ƙera jakunkunan nan ba su yi ba. Wandon tsere matsattse ne kuma gajere, ba za ka shiga masallaci da shi ba, ba kuma za ka so ka zauna gaban mai shayi a Tashar Yari da shi ba. Dogon wando mai laushi ko jallabiya marar kauri dole ne, kuma a ajiye shi inda za a zaro cikin sauri lokacin Azahar, ba can ƙarƙashin kaya ba. Buta ba sai ka ɗauka ba, kowane masallacin bakin hanya yana da ita.

Abinci mai yawa ma bar shi. Tsakanin Zariya da Kano, ko ta Shika da Giwa zuwa Funtuwa, ba ka daɗewa ba ka iske gari mai ayaba da burodi da fura da ruwan leda ba. Ɗaukar abincin yini guda wahalar da kai ne.

Yanzu ka auna. Girman jakunkunan nan da lita ake faɗarsa. Nemi bokitin fenti mai lita 20, ka naɗe kayan ka danna su ciki. In sun tsaya a rabi, lita 10 kake nema. In sun cika har sun yi tozo, koma kan tabarma ka rage. Ga ma'aunin da nake bi: tafiyar yini ɗaya a dawo gida, lita 2 zuwa 4; kwana ɗaya ko biyu a gidan ɗan'uwa ko masauki, lita 8 zuwa 14; sai in za ka kwana a waje da abin shimfiɗa ne za ka haura 20.

Na biyu: auna keken

Ɗauko tef ɗin tela. Wurare uku za ka auna, ka rubuta a waya don ranar saye.

Tsakanin ƙarafunan ƙarƙashin sirdi da saman tayar baya. Babbar jakar sirdi tana son santimita 18 zuwa 20 a nan, ƙarama kuma ƙasa da haka. Gajeren mutum mai sirdi ƙasa-ƙasa shi ne ya fi shan wahala, domin jakar za ta sauko ta riƙa gogar taya duk lokacin da aka faɗa rami, kafin Jaji taya ta ci gindinta. Auna kuma tsawon sandar sirdi da ke waje, saboda a nan maɗaurin jakar zai kama.

Cikin kusurwa ukun firam: tsawon sandar sama daga ciki, da zurfin da ya rage bayan ka saka gorunanka biyu. Da gorunan a ciki za ka auna, ba wayam ba, ka kuma bar sararin da hannu zai zaro gora.

Sai faɗin hannun keke tsakanin lanƙwasa biyu. Na keken tsere yawanci santimita 38 zuwa 44 ne, amma ba dukkansa ne naka ba. Maɓallin giya ciki yake turuwa idan za a canja, don haka cire santimita 4 ko 5 a kowane gefe. Duba kuma tazarar hannun da tayar gaba.

Ka san da abin da aka yi firam ɗinka, ƙarfe ko alminiyam ko kabon. Za mu dawo kan wannan.

Na uku: ba kowane kaya mazauninsa

Ƙa'idar guda ce: abu mai nauyi ya zauna tsakiya kuma ƙasa, abu mai girma marar nauyi ya tafi baya ko gaba.

*Jakar firam*, wadda ke rataye a ƙarƙashin sandar sama, ita nake ba kowa shawara ya fara saya. Nauyin da ke cikinta yana tsakanin tayoyi biyu, ba ya lilo, ba ya tare iska, kusan ba ka jin yana nan. Mai rabin zurfi, lita 3 zuwa 5, ta fi dacewa da mu saboda tana barin wurin goruna biyu. Wadda ta cike kusurwar gaba ɗaya tana cin kaya sosai, amma ta kore maka ruwa, kuma a zafin Maris da Afrilu gora biyu masu mililita 750 na iya ƙarewa kafin awa biyu. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, kuma babu inda ya fi mata dacewa irin mazaunin gora. Famfo, alanki, fawa bank, tiyub, duk cikin jakar firam. Abin lura shi ne kauri: in ta kumbura ta wuce santimita 6, gwiwa za ta riƙa shafarta a kowane taki, kuma shafar da ba ka damu da ita ba a Hanwa ita ce za ta zama gyambo a Kwanar Dangora.

*Jakar sirdi* iri biyu ce. Ƙaramar, mai lita 1 ko ƙasa, ta tiyub da faci ce, kowane keken tsere ya kamata ya kasance da ita ko da ba a barin gari. Babbar kuwa doguwa ce mai tsini, tana miƙewa baya sama da taya, daga lita 6 har zuwa 17. Ita ce ta maye gurbin kariya a wajen masu doguwar tsere, irin gasar Transcontinental da aka fara a 2013 daga Landan zuwa Istanbul, inda kowa ke ɗaukar kayansa da kansa. Aibinta ɗaya: in ka miƙe tsaye kana taka feda a hawa, sai ta riƙa kaɗawa kamar jelar saniya, keken kuma ya bi ta. Dalili shi ne nauyi ya yi nisa da sandar sirdi. Maganin rabi a wajen saye yake, rabi a wajen shiri. A saye, nemi mai ƙasa mai tauri, mai faffaɗan maɗauri biyu a sandar sirdi maimakon ɗaya. A shiri, abu mafi nauyi ya fara shiga can cikin tsinin kusa da sandar, a danna tufafi da hannu har babu gurbin iska, a naɗe bakin, a ja maɗaurai iya ƙarfi. Jaka mai lita 10 da aka cika dam ta fi mai lita 16 da aka bari rabi zama lafiya. Shi ya sa nake cewa wanda iyakarsa Kano ko Kaduna kada ya wuce lita 10.

Wannan jakar tana rufe fitilar baya da ke manne a sandar sirdi. Duba ko tana da madaukin rataya fitila a ƙarshenta da zanen da ke ƙyalli in haske ya doke shi. A titin da tireloli da tankokin mai ke bi, wannan ba ado ba ne.

*Jakar gaba* sai in ta kama dole. Tufafi, rigar sanyi lokacin hunturu, abin shimfiɗa, iyakar abin da ya dace da ita ke nan. Da zarar ta wuce kilo 2, hannun keke ya yi nauyin juyawa, kuma kaucewa rami a guje yana son hannu mai sauƙi. Kada ta danne wayar birki ko ta giya, kada ta hana ka riƙe saman hannun, kada ta tare fitilar gaba. Bayan ka ɗaura, juya hannun hagu da dama har ƙarshe, ka matsa birki, ka canja giya duka.

*'Yar jakar saman firam*, wadda ke zama bayan wuyan keke, ƙarama ce amma ita ce aka fi buɗewa. Dabino, canji, waya. Nemi wadda ake zugewa da hannu ɗaya. Irin mai tagar leda da ake saka waya a gani, a rana irin tamu waya zafi take ɗauka a ciki har ta kashe kanta, gara a rufe ta a inuwar jaka.

Jakar goyo fa?

Ita ce kowa ke da ita a gida, ita ce kuma mafi muni a doguwar tafiya. A keken tsere a sunkuye kake, nauyin yana sauka a kafaɗa da ƙugu da tafin hannu, yana kuma ƙara danna ka a kan sirdi awa bayan awa. Bayanka, inda iska ya kamata ta busar da gumi, ya toshe. In babu yadda za ka yi, ta zama ƙarama, kada ta wuce kilo 2, mai maɗauri a ƙirji. Rigar tsere mai aljihu uku a baya ta fi ta amfani.

Na huɗu: yanke shawara kan kariya

Kariya da jakunkuna biyu na gefe ba su tsufa ba. Sun fi kowace jaka cin kaya, misali Back-Roller na kamfanin Ortlieb na Jamus, biyun lita 40 suke ɗauka, ga sauƙin buɗewa da cirewa. In tafiyar mako guda za ka yi, ka ce Jos ta Pambeguwa da Saminaka, kuma kekenka na ƙarfe ne ko alminiyam mai hujin kusoshi kusa da gindin tayar baya, to kariya ta dace. Sai dai ka lura da abu biyu. Bayan keken tsere gajere ne, diddige na iya dukan jaka, don haka gwada da takalmin da za ka yi tafiyar. Sannan jakar gefe tana tare iska. Kano arewa maso gabas take da Zariya, daga can kuma iskar hunturu ke busowa, wato in Kano za ka daga Disamba zuwa Fabrairu, da ita za ka yi ta kokawa tun daga fita gari. Tirela in ta wuce ka a guje, iskarta ma ta fi samun abin turawa.

Firam ɗin kabon kuwa kada a matse shi da maɗaurin ƙarfe don a ƙirƙira masa kariya, kada kuma a kai shi wajen mai walda. Kabon ba ya lotsewa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi.

Na biyar: duba yadi, ɗinki da baki

Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa ne, daga Nuwamba zuwa Maris ƙura ce. Jakar da za ta yi maka aiki a Zariya sai ta iya da duka biyun.

Ba kowace jakar da aka rubuta wa "ba ta shan ruwa" ce ke tare ruwan Agusta ba. Yadin kansa zai iya tarewa, amma ruwa ta hujin allura yake shiga. Juya cikin jakar ka duba: in gaɓoɓin an manne su ne da zafi babu zare, ko an bi ɗinkin da tef ta ciki, to ta gaske ce. In zare kake gani tsirara, yayyafi kawai za ta iya. Jakar sirdi ta fi kowacce shan wahala, domin duk ruwan da laka da tayar baya ta kwaso, a cikinta yake sauka.

Baki mai naɗewa, wanda ake ninkawa sau uku a ɗalle maɓalli, ya fi zif nesa ba kusa ba. Zif shi ne abin da ke fara mutuwa a jakar keke a ƙasar nan, ƙura ta shiga haƙoransa ta cinye kan. Inda ba makawa sai da zif, kamar jakar firam, zaɓi mai manyan haƙora da murfin yadi a kansa, in an samu na kamfanin YKK ya fi. A riƙa goge shi da tsohon buroshi, a shafa masa kyandir. Kada a sa man inji, ƙura yake kira.

Kaurin yadi ana rubuta shi da lamba da harafin D. Tsakanin 400D da 600D ya wadatar, inda jaka ke gogar ƙarfe kuma a so ya fi haka. Ko da wace iri ka saya, waya da takardu da kayan sawa a ƙulle su cikin leda kafin su shiga. Leda ba ta da nauyi.

Dawowa kan firam: maɗaurin jaka shi kaɗai ba ya ɓarna, amma in ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, yana motsi tana gurzawa, sai ta cinye fenti, a kabon har ta fara cin jikin. Kafin ka ɗaura kowace jaka, naɗa baƙin salatif na masu lantarki a duk inda maɗauri zai zauna.

Na shida: saye

Hanya uku ce. Sababbi na manyan kamfanoni irin su Apidura na Ingila, Revelate Designs na Amurka, Ortlieb ko Topeak, suna da inganci, amma saboda canjin dala jaka ɗaya na iya kusan kuɗin keken gwanjo. Na Sin irin su Rockbros da Rhinowalk sun fi sauƙi, ana samunsu ta intanet, kuma ga mai tafiya jefi-jefi sun isa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma a nan inda arahar ke nuna kanta sananne ne: maɓallan roba da maɗaurai. Waɗannan kuma ana iya canja su.

Ta biyu gwanjo. In ka ci karo da jakar keke cikin dilar jakunkuna a Sabon Gari ko Tudun Wada, sa hannu ciki ka shafa. In rufin cikin yana danƙo ko yana ɓarewa, ya mutu, ba ya gyaruwa. Ɗaga ta saitin rana ka nemi huji, ka ɗalle kowane maɓalli ka ja da ƙarfi, ka kuma je da keken ka gwada a wurin.

Ta uku, wadda na fi so ga jakar firam, ɗinki. Jakar firam ba ta da wuyar yi, kuma wadda aka ɗinka daidai kekenka ta fi ta kanti zama. Sa kwali a jikin firam, zana cikin kusurwar da biro, ka yanke. Yi alama a inda maɗaurai za su zauna, ka kauce wa inda wayoyi suka bi da kusoshin mazaunin gora. Kai wa mai ɗinkin jakunkunan makaranta ko mai ɗinkin tamfol, ka yi masa bayani dalla-dalla: "Malam, ga fasalin nan, kada a ƙara ko yatsa ɗaya. Kaurinta santimita 5, zif a gefen dama, maɗauri uku a sama, ɗaya a gaba, a ninka ɗinki a bakin kowane maɗauri." In ba ka faɗi kaurin ba, zai yi maka alheri ya faɗaɗa ta don ta ci kaya. Babbar jakar sirdi kuwa gara a saya, saboda taurin ƙasanta da yanayin tsininta ba su da sauƙin kwaikwayo.

Na bakwai: gwaji kafin ranar tafiya

Shirya kayan duka yadda za ka tafi da su, har da ruwa, ka ƙara wa tayar baya iska kaɗan ba tare da wuce adadin da aka rubuta a jikinta ba. Fita ta Samaru zuwa Shika ka dawo. A hanya ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, ka saki hannu ɗaya ka zaro gora, ka bi ta kan tudun rage gudu na titi, ka taka birki da ƙarfi inda babu mota, domin keke mai kaya ya fi jan nisa kafin ya tsaya. Kasa kunne: ƙarar gogayya daga baya alamar jaka ta taɓa taya ce, ƙwaram-ƙwaram kuma ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, a naɗe alanki cikin tsumma.

Bayan kilomita 10 na farko ka sauka ka sake jan kowane maɗauri, domin kaya suna zama, maɗauri yana saki. Duk jelar maɗaurin da ta yi saura a naɗe ta a cusa, kada ta sami hanyar shiga cikin taya ko kaca. Haka za ka yi ranar tafiyar ma. Fita bayan sallar Asuba da fitilu a kunne, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka kama ta, ka tsara isa masauki kafin Magariba. A jefa yankakkun robobin tsohuwar tiyub guda biyu a jakar firam, in maɓalli ya karye a hanya da su za a ɗaure jakar har a isa gari.